Me ya sa yara 'yan ƙwallo ke manta gyaran koci? Tambayoyi da amsoshi daga filayen Damagaram

Na daɗe ina tara yaran unguwa a fili tsakanin la'asar da magariba, 'yan shekara 9 zuwa 15. Duk inda na zauna da 'yan'uwana masu horarwa, a unguwar Birni ne ko Zango ko Karkada, kuka ɗaya nake ji: "Na faɗa, na sake faɗa, ranar wasa kamar da bango na yi magana." Iyaye ma suna tare ni a hanya da tasu tambayar. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa da abin da na gani a fili da abin da masu bincike suka tabbatar.

Da gaske ne yara suna manta yawancin abin da koci ya faɗa?

Da gaske ne, kuma manya ma haka suke. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana, ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya take rage sauri. Abin da ka faɗa da la'asar, kafin kiran isha'i kaso mai yawa ya zube, muddin ba a sake taɓa shi ba.

A fagen wasanni ma an gwada. Masu bincike a Fotugal, cikinsu Isabel Mesquita da António Rosado, sun riƙa ɗaukar maganar masu horarwa, nan take su tambayi matasan 'yan wasa abin da aka ce musu. Sun tarar wani ɓangare na saƙon ya riga ya ɓace tun ba a bar wurin ba, kuma da yawan batutuwan da koci ya cusa, da yawan abin da ya ɓace.

Ba sai ka jira Fotugal ba. Gobe bayan atisaye ka kira yara uku, ɗaya bayan ɗaya, kowanne shi kaɗai, ka ce ya gaya maka abin da aka gyara yau. Ranar da na fara yin haka abubuwa bakwai na faɗa wa yarana. Na farko ya kawo biyu, na biyu ya kawo ɗaya, na uku ya tuna cewa na yi fushi amma bai tuna a kan me ba. Na koma gida jikina a sanyaye, domin yaran nan ba su da laifi.

To abu nawa kan yaro ke iya ɗauka a lokaci guda?

Kaɗan ne ƙwarai. Ka ɗauka a kan mutum akwai rumbu, akwai kuma tiya. Rumbun babba ne, yana ajiye abin shekara da shekaru, amma duk abin da zai shiga cikinsa sai ya bi ta tiyar nan, ita kuwa in ta cika, abin da ka ƙara ƙasa yake zuba. A 1956 George Miller na Amurka ya ce tiyar tana ɗaukar abubuwa kamar bakwai. A 2001 Nelson Cowan ya sake auna hujjojin ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Wannan awon babban mutum ne da ke zaune cikin natsuwa. Ta yaro ba ta kai haka ba, tana ci gaba da girma har wajen shekara 15.

Kowace uwa a garin nan ta san wannan ba tare da littafi ba. In ta aiki ɗan shekara 10 kasuwar Dole da saƙo biyar, ta san zai dawo babu daddawa ko babu kanwa. Shi ya sa take tsayar da shi a bakin zaure ta ce, "Maimaita mini abin da na aike ka."

Akwai abin da ya fi wannan muni a ƙwallo. A 1959 Lloyd da Margaret Peterson sun ba mutane baƙaƙe uku kacal su riƙe, suka sa su ƙirga lambobi da baya don kada su samu damar maimaitawa a zuci. Bayan daƙiƙa 18 kusan duka sun zube. Yaron da ka yi wa magana ya juya ya bi ƙwallo, yana kallon abokin hamayya, yana jin ihun 'yan kallo, a irin wannan halin yake. Don haka ni dai ƙa'idata: gyara ɗaya ga yaro ɗaya a lokaci ɗaya. Sauran ka ajiye a aljihunka zuwa gobe, ba inda za su je.

Amma ina tambayarsu "Kun gane?" su ce sun gane.

Wannan tambayar ita ce babbar ramin da muke faɗawa. Yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan Bahaushe ba zai dubi idon babba ya ce bai gane ba. Zai sunkuyar da kai ya ce, "Na gane, Mushe," ko "To, Koci." Kunya ce da ladabi, abin da mu muka koya masa. Ga kuma tsoron kada abokai su yi masa dariya. "To" ɗin nan ba ta gaya maka komai a kan abin da ya shiga kansa, tana dai nuna maka ya san girmanka.

Maganin yana nan kusa da mu, a makarantar allo. Malam ba ya tambayar almajiri ko ya gane. Cewa yake yi, "Zo ka biya." Yaro ba zai wanke allonsa ba sai ya kawo karatun da bakinsa, ba zai samu ƙari ba sai na baya ya zauna, kuma abin da ya haddace bara ana komawa kansa a tilawa don kada ya kuɓuce. Da wannan tsarin ƙasar Damagaram ta fitar da mahaddata ba adadi, ba kwamfuta, ba majigi. Mun tashi a cikinsa, amma da mun riƙe usur sai mu koma masu huɗuba.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan a wata jami'a a Amurka. Wasu ɗalibai sun sake karanta rubutu, wasu aka ɗauke takardar aka ce su kawo abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu sake karantawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa waɗanda aka sa suka kawo daga ka sun wuce su. Ƙoƙarin da yaro ke yi ya lalubo magana a kansa, shi ne ke kafa ta.

Yadda nake yi a fili ba wuya. In na gyara wa yaro abu, sai in ce, "Ɗana, gaya mini da bakinka, in ƙwallo ta zo maka daga hagu me za ka yi?" In ya faɗa, sai in ce ya nuna mini da ƙafa. Kafin mu watse, kowa ya faɗi abu ɗaya da zai tafi da shi gida. Washegari kafin a taɓa ƙwallo in tambaya, "Jiya me muka gyara?" in yi shiru in jira. Shirun nan yana da nauyi a farko, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi ka ba su amsa. Daure. Bayan mako biyu za ka ga suna zuwa fili da amsar a baki, har suna tuna wa juna a hanya. Ga mai yawan kunya kuma, ja shi gefe, ko ka sa ya gaya wa abokinsa kana saurare daga nesa kaɗan.

Ba taurin kai ba ne ko raini?

Akan samu, amma da wuya. Yaron da ya tako daga Garin Malam da ƙafa cikin rana don ya buga ƙwallo ba raini ya kawo shi ba. Kafin ka yanke masa hukuncin taurin kai, tambaye shi me ka ce. Sau da yawa za ka tarar ko dai bai ji ba, ko ya ji wani abu daban da abin da kake nufi.

Ina yi musu magana daga bakin fili duk tsawon wasa. Ba ya taimakawa?

Yana taimaka wa wasan yau, yana cutar da na gobe. "Ba shi! Juya! Buga! Koma!" yaro yana bi kamar jirgin leda a hannun mai zare. Ranar da muryarka ba ta kai masa ba, saboda iskar hunturu ko hayaniyar 'yan kallo, sai ya tsaya yana waigen benci.

A 1990 Carolee Winstein da Richard Schmidt sun koya wa mutane wani motsin hannu. Wasu ana gaya musu sakamako bayan kowane gwaji, wasu a rabin gwaje-gwajen kawai, ana ragewa sannu a hankali. Da aka dawo da su daga baya aka gwada ba tare da taimako ba, 'yan rabin suka fi. Wanda ake gyara wa kullum ba ya koyon jin kuskurensa a jikinsa, domin akwai mai ji masa.

Ba cewa na yi ka zama bebe ba. Zaɓi lokacinka: sa'ad da ƙwallo ta fita, ko ana shirin bugun kwana, ko an tsaya shan ruwa. Kira sunan yaro, bari ya dube ka, faɗi kalma uku ko huɗu, ka ƙyale shi. In ya yi kuskure kuma, ba shi daƙiƙa kaɗan kafin ka buɗe baki. Sau da yawa ya riga ya sani, za ka gan shi ya dafe kai.

Wace irin magana ce ta fi zama?

Wadda yaro zai iya gani a idon zuciyarsa. "Ku mai da hankali" ba hoto a cikinta, "ku yi wasa mai kyau" ma haka. Amma in ka ce wa mai tsaron baya, "Lamba tara inuwarka ce, duk inda ya je kana nan," ya samu abin riƙewa. In kana so ya tare ƙwallo a hankali, ce masa ƙwai ne aka jefo masa kada ya fashe. In kana so su buɗe fili, ce musu su baje kamar shanyar barkono, kada su taru kamar kaji a kan tsaba. Da zarar hoton ya zauna, kalma ɗaya ta isa: ka ce "ƙwai" daga nesa, ya san zancen.

Gabriele Wulf, wadda ta daɗe tana bincike a kan koyon motsi, ta nuna cewa maganar da ke kai hankalin ɗan wasa ga ƙwallo ko inda ake so ta je ta fi wadda ke mai da hankalinsa ga gaɓoɓin jikinsa. Ita da abokan aikinta sun gwada haka da bugun ƙwallo sama a 2002, kuma a 2010 da jifar gefe a wurin yara 'yan shekara 10 zuwa 12. Wato maimakon "lanƙwasa gwiwa, karkata baya, kafe idon sawu," ce masa ya bugi ƙasan ƙwallo ta tashi ta tsallake kan wancan. Jiki zai nemo hanyarsa.

Sai batun harshe, wanda ya shafe mu musamman. Da yawanmu da Faransanci muka koyi ƙwallo, ko a kwas ɗin horarwa na FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ko a bakin masu sharhi a talabijin, sai mu kwaso kalmomin yadda suke mu zuba wa yara. Ɗan lakwal zai iya kamawa. Almajirin da ke cikin ƙungiyar, ko yaron da a gidansu Barbarci ko Fillanci ake yi, sai ya gyaɗa kai kawai. Kalmar da yaro bai san ma'anarta ba ƙara ce a kunnensa, ƙara kuwa ba ta shiga rumbu. In dole ne ka yi amfani da kalmar Faransanci, koya ta a matsayin darasi, a nuna ta da ƙafa, kuma kada ka sauya mata suna gobe.

Me zan faɗa a hutun rabin lokaci?

Dokar wasa ta ba da hutun da bai wuce minti 15 ba, a wasannin unguwa ma sau da yawa ba ya kaiwa. Mintunan farko ba naka ba ne. Bari su zauna a inuwa, su sha ruwa, numfashi ya dawo. Sannan tambaye su me suka gani, domin su ne a ciki. Daga nan abu biyu: ɗaya in ƙwallo tana ƙafarmu, ɗaya in tana ƙafarsu. Mutum ya fi riƙe farkon magana da ƙarshenta, tsakiya ce ke nutsewa, saboda haka wanda ya fi muhimmanci ka fara da shi, ka kuma rufe da shi, wani yaro ya maimaita da ƙarfi kafin su tashi.

Mu da tsawa da bulala aka koya mana, kuma ba mu manta ba. Ba su suka fi sa tunawa ba?

Ka tambayi kanka me ka tuna. Ni na tuna zafin dorina da dariyar abokai, na tuna inda nake tsaye a filin, amma gyaran da aka dake ni a kansa ya tafi. Tsoro yana cika tiyar nan da kansa, ba ya bar wa darasi wuri. Yaron da aka zaga a gaban jama'a abu ɗaya yake koya da sauri: ya rabu da ƙwallo tun kafin ta jawo masa wani zagin. Shi ne za ka ga yana harba ta ko'ina, ko yana ɓuya a bayan abokin hamayya don kada a ba shi.

A ƙarshen shekarun 1970 Ronald Smith da Frank Smoll sun bi masu horar da yara a Amurka suna rubuta duk abin da suke yi a fili. Da suka tambayi masu horarwar yadda suke ganin kansu, amsarsu ba ta yi daidai da abin da aka rubuta ba. Bayanin yaran ya fi kusa da gaskiya. Wannan ya tsaya mini a rai: yara suna iya manta gyaranmu, amma halinmu suna riƙe da shi fiye da yadda mu muka san kanmu. A wani bincikensu na 1992, yaran da kocinsu ya samu horo kan ƙarfafa gwiwa da gyara cikin mutunci, kashi 5 cikin 100 ne suka bar wasan a shekara mai zuwa, a ɓangaren da kocinsu bai samu horon ba kuwa kashi 26.

Yabo ma yana da nasa sharaɗi. "Da kyau" ita kaɗai ba ta koyar da komai. "Da kyau, ka ɗaga kai kafin ka ba da ita" ta gaya wa yaro abin da zai sake yi.

Akwai yaron da ba ya iya faɗin abin da na ce, amma yana yin sa a wasa. Ya tuna ko bai tuna ba?

Ya tuna, kuma tunawar da ta fi amfani. Abin da baki ke riƙewa daban, abin da jiki ke riƙewa daban. Mai tuƙa keke ba zai iya yi maka bayanin yadda yake tsayuwa a kan ƙafa biyu na ƙarfe ba, amma ba ya faɗuwa. Akwai kuma akasinsa, yaro mai baki da zai karanto maka duk darasin, a shiga fili ya yi abin da ya saba. Maimaitawa da baki gada ce kawai zuwa ga ƙafa. Shi ya sa bayan gyara nake shirya ƙaramin wasa, huɗu da huɗu, wanda zai tilasta abin ya yi ta faruwa. In darasin ɗaga kai ne, sai in kafa raga huɗu da duwatsu maimakon biyu, dole yaro ya duba wacce ce a buɗe.

Zafi da yunwa da barci suna da hannu?

Sosai. A Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, ƙasar fili tana ƙona tafin ƙafa har bayan la'asar. Yaron da ƙishirwa ta kama hankalinsa yana kan jarka. Dokar wasa ta manya ma ta yarda da tsayawa shan ruwa na minti ɗaya, da hutun sanyaya jiki na daƙiƙa 90 zuwa minti uku, balle yara. Sabon darasi a farkon atisaye ake ba da shi, tun kai yana sabo. Cikin azumi kuwa na daina kawo sabon abu ga manyan da ke riƙe da baki, sai tilawar na baya.

Barci yana taimakawa wajen kafa abin da aka koya ya zauna a rumbu. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa sun nuna cewa saurin wani motsin yatsu da aka koya ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 bayan barcin dare, ba tare da ƙarin gwaji ba. Likitocin barci suna ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga matasa. Yaron da ya raba dare a fada ana zagayen shayi, ko a gidan kallo yana jiran wasan Turai ya ƙare, ya tashi asuba, ya yi asarar wani ɓangare na wahalar da ya sha jiya a fili.

Waya za ta iya taimakawa?

Za ta iya, in an taƙaita. Ɗauki daƙiƙa 20 na wasan yaro, nuna masa, tambaye shi me ya gani kafin kai ka ce komai. Saƙon murya a WhatsApp ma yana aiki in bai wuce rabin minti ba kuma batu ɗaya ne, sai dai yawancin yaranmu ba su da waya, ta yayansu ce ko ta mahaifi. Nemi izinin iyaye kafin ka ɗauki hoton ɗan kowa, kuma kuskuren yaro ba abin turawa a zauren jama'a ba ne.

Ni uba ne, ban san ƙwallo ba. Me zan yi?

Alhaji, ba sai ka san ƙwallo ba. In ya dawo, maimakon "Kun ci ko an ci ku?" tambaye shi, "Yau me kocinku ya koya maka? Nuna mini." Ka ba shi tilawa ke nan a tsakar gida. Abin da nake roƙo kawai, ranar wasa kada ka tsaya bakin fili kana ba shi umarni. In koci ya ce ya tsaya baya, Baba ya ce ya hau gaba, yaron ba zai iya saɓa wa ko ɗaya ba, sai ya tsaya a tsakiya ya rasa duka biyun.

Akwai yaro ɗaya da kullum shi ne ke mantawa, duk abin da na gwada. Yaya zan yi da shi?

Fara da duba inda yake tsayawa in kana magana. In kullum yana baya, ko yana juyo da kunne ɗaya, ko yana kallon abokai kafin ya motsa, wataƙila ba ya ji sosai. Ciwon kunne da ba a kula da shi ba yana rage ji, haka ma sanƙarau, wanda yankinmu ya sha fama da shi a lokacin zafi, yakan bar wa wanda ya warke raunin ji. Wani kuma ido ne, ba ya ganin abin da kake nunawa daga nesa. Wani tun koko na safe bai sa komai a ciki ba. Wani akwai abin da ke damunsa a gida.

Matso da shi gaba, kusa da kai, rana tana bayansa ba a idonsa ba. Yi masa magana shi kaɗai, ka nuna da jikinka, ka haɗa shi da aboki mai haƙuri da zai riƙa tuna masa. In bayan makonni ba sauyi, je gidansu da kanka bayan magariba, ku gaisa da mahaifinsa, ka fara da abin da yaron ya iya, sannan ka ba da shawara a kai shi asibiti a duba kunnensa da idonsa.